Takardar Masu Surutu a Hannun Taubashi

Zuwa ga Shugaban Makarantar Firamaren unguwarmu, a nan ƙasar Daura, ta hannun wannan jarida, domin Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai da sauran iyayen yara su ma su gani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci.

Ni tsohon ɗalibinka ne. Kai ka koya mini lissafi a aji biyar, a ɗakin nan na kusa da darbejiya, tun kafin a ɗaga ka zuwa kujerar shugabanci. Bara na kammala digiri a fannin tarbiyya da halayyar yara, yanzu ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ban faɗi haka don alfahari ba, sai don a san cewa mas'alar da zan gabatar fannina ce, kuma na yi mata duba na nazari da hujja, ba na ɓacin rai ba.

Ban ambaci sunanka ko na makarantar ba, yaran biyu da maganar ta shafa kuma na sauya musu suna, domin manufata maslaha ce, ba tozarci ba. Kai ka san su. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Habibu: shekararsa tara, yana aji huɗu. Ɗan kawunmu, wato ɗan yayan mahaifiyarmu, zan kira shi Sabi'u: shekararsa goma sha biyu, ajinsu ɗaya, kuma shi ne monita.

Ga maganar a taƙaice. Habibu ya daina zuwa makaranta. Mahaifinmu ya yanke hukuncin cewa idan bai koma ba ranar Litinin mai zuwa, to shi da boko sun rabu ke nan, zai riƙa bin sa kasuwannin Baure da Zango awon hatsi. Sau biyu na zo ofishinka ban samu abin da na zo nema ba. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Na ɗaya: alamomin da muka gani muka kasa karantawa.

Adalci ya wajabta mini in fara da sakacin gidanmu kafin in zo kan na makaranta. Tun farkon zangon karatun nan Habibu ya fara ciwon ciki. Ciwo ne mai tsari da ƙa'ida. Yana tashi bayan sallar Asuba daga Litinin zuwa Juma'a, ya lafa da kansa bayan Azahar lokacin tafiya Islamiyya, Asabar da Lahadi kuwa ko leƙowa ba ya yi. Inna, mahaifiyarmu, ta jiƙa masa kanwa, ta dafa masa sassaƙe, ta kai shi kemis aka ba shi maganin tsutsar ciki. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wace irin tsutsa ce ta haddace jadawalin makaranta.

Sai kuma tsintsiya. Kamar yadda ka sani, kowane yaro da tsintsiyarsa yake zuwa, kowa kuma da yankin da aka yanka masa ya share kafin a buga ƙararrawa. Inna ta yi ta mitar cewa ta Habibu ba ta yin mako biyu sai ta koma guntuwa, alhali ta yayarsa da ke aji shida tun ta bara ce. Wata rana ta ce masa, "Kai wai da tsintsiyar kuke dambe ne?" Ya sunkuyar da kai, mu kuwa muka yi dariya.

Yaron da a da yake dawowa da labarin aji har sai an ce ya rufa wa mutane baki, ya koma ba ya cewa uffan. In aka yi sallama aka ce kawu ne tare da Sabi'u, sai ya sulale ɗaki. Ni da na karanta waɗannan alamomi a littafi, na rubuta jarrabawa a kansu na ci, na zauna da su a tsakar gida ɗaya kusan wata biyu ban gane su ba. Na faɗi wannan ne domin iyayen da ke karanta wasiƙar nan su koma su duba nasu 'ya'yan.

Na biyu: tasha da rajista.

Wanda ya buɗe mini ido maƙwabcinmu ne, direba mai jigilar fasinja zuwa Kongolam. Ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Mai digiri, ƙanen naka karatun tasha kuka sa shi? Kullum da safe ina ganin sa bayan rumfar mai shayi da kayan makaranta, har na fara zaton kamasho yake koyo." Washegari na bi bayan Habibu ba tare da ya sani ba. Ya wuce kwanar makaranta, ya shiga tasha, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ajiye tsintsiya a gefe, ya buɗe littafinsa a kan gwiwa yana karantawa. Ashe haka yake yi har sai ya ga yara sun taso, sannan ya shiga cikinsu ya dawo gida. Da muka lissafa ni da shi, kwanakin makaranta goma sha ɗaya ya yi a kan tayar nan.

Na zo na roƙi malamin ajinsu ya nuna mini rajista, ya nuna mini. A cikin kwanaki goma sha ɗayan nan babu rana ɗaya da aka rubuta cewa Habibu bai zo ba. A takarda yana aji, a zahiri yana tasha. Dalili kuwa shi ne monita ke kiran suna, shi ke yin alama, malami hannu kawai yake sawa a ƙarshen mako. Wannan ba ƙaramin gurɓacewar tsari ba ne. Da mota ta ɗauke yaron nan ta tsallaka iyaka da shi, da makarantarka ta rantse da rajista cewa yana cikin aji.

Na uku: abin da ke faruwa idan malami ya fita.

Malamin aji huɗu aji biyu yake riƙe da su tun da aka yi wa abokin aikinsa canjin wuri ba a turo madadinsa ba. Ban zarge shi da lalaci ba, mutum ɗaya ba ya tsayuwa a ɗaki biyu. To, duk lokacin da zai tsallaka ɗaya ajin, sai ya miƙa wa monita takarda da tsumagiya ya ce ya rubuta masu surutu. In ya dawo sai ya karɓi takardar ya kira sunaye, kowa bulala uku, babu tambaya. In ya gaji, monitan yake sawa ya yi dukan.

Sunan Habibu shi ne na farko a takardar nan kowace rana, ko da ya kife kansa a kan gwiwa bai ce komai ba. Shi ke share yankin Sabi'u bayan nasa, asirin tsintsiya ke nan. Shi ke ɗaukar masa jaka. Ɗumamen da Inna ke ƙulla masa na tara, Sabi'u ke fara zaɓa. Kuma da yake Sabi'u ɗan namiji ne, Habibu ɗan mace, "bawana" yake ce masa kamar yadda taubasai ke yi a gida. Sai ajin gaba ɗaya ya ɗauka, suka raɗa masa "Bawan Monita", har aka rubuta masa da gawayi a bayan riga.

Ranar ƙarshe da Habibu ya shiga ajin kuwa, ga abin da ya faru. Malami ya fita. Sabi'u ya sa Habibu ya durƙusa a gaban allo, ya yi shela cewa duk mai son a goge sunansa daga takarda ya zo ya ranƙwashe shi sau ɗaya. Yara suka yi layi. Har da abokinsa da suke tafiya Islamiyya tare, wanda ya raɗa masa "yi haƙuri" sannan ya ranƙwashe shi. Wannan labari ban tsaya ga bakin Habibu kaɗai ba, na ji shi daga yara uku na ajin, kowa daban, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Na huɗu: amsar da na samu.

Zuwana na farko ka saurare ni har ƙarshe, na kuma gode. Sannan ka yi murmushi ka ce, "Haba ɗana, ai taubasai ne. Wannan wasa gadonsa muka yi. Maganar gida ce, ku je ku kashe ta a zaure." Zuwana na biyu ka ce in kawo yaron, amma in sani dokar makaranta ita ce wanda ya yi gudun aji sai ya sha bulala a gaban taron safe.

Na bi shawararka na je zauren kawu. Ya dube ni ya ce, "Yanzu bokon naku har wasan taubashi ya haramta? Abin da ya faru a makaranta ai na malamai ne. Su suka ba shi monita, ba ni ba." Inna kuwa ba za ta iya ɗaga murya a kan maganar yayanta ba, roƙona ma ta yi kar in haɗa ta da ɗan'uwanta. Mahaifinmu nasa ra'ayin gajere ne: yaron da ba ya son boko ba a yi masa dole, ga mudu nan yana jiran sa. Da ƙyar na samu ya ba ni mako guda.

Saboda haka makaranta ta ce maganar gida ce, gida ya ce maganar makaranta ce. Kowane ɓangare ya sauke alhaki a ƙofar ɗayan ya koma harkarsa.

Na biyar: bambancin wasa da cin zali.

Allah ya gafarta Malam, ba na ƙyamar taubasantaka. Ni ma taubashin Sabi'u ne, kuma har gobe in na shiga gidan kawu sai 'ya'yansa mata sun ɓoye mini takalmi. Al'ada ce mai hikima, tana narkar da gaba tsakanin dangi. Amma tana da sharuɗɗa waɗanda kowace tsohuwa a garin nan ta sani ba tare da ta je jami'a ba. Wasa ne na ba-ni-in-ba-ka: in ka tsokane ni yau, gobe in rama. Su biyun duka suke dariya. In ɗaya ya fara hawaye, babba yakan tsawatar a tsaya. Kuma wanda ke kiran ɗan'uwansa bawa, shi ne al'ada ta ɗora wa yi masa kyauta idan shekara ta zagayo, domin a tabbatar cewa sunan wasa ne.

To, wane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya rage a aji huɗu? Ramuwa ta mutu ranar da aka miƙa wa ɗaya takarda da tsumagiya, aka bar ɗayan da tsintsiya. Dariya ɓangare ɗaya ke yin ta. Babban da zai tsawatar yana ɗaya ajin. Sannan sauran yaran da suka yi layi, su ma taubasansa ne? A ilimance, cin zali yana tabbata ne idan abu uku suka haɗu: rinjayen ƙarfi ko iko, maimaituwa, da kuma rashin mafita ga wanda ake yi wa. Ukun nan sun cika a kan Habibu. Zumunci bai rage komai daga cikinsu ba, sai ma toshe masa hanyar kai ƙara da ya yi.

Na shida: Sabi'u ba shi ne tushen matsalar ba.

Na ɗauki Sabi'u a babur muka fita bayan gari, na tambaye shi cikin lumana. Ga abin da ya ce, kamar yadda ya faɗa: "Yaya, in Malam ya dawo ya ji hayaniya kuma takarda ba kowa, ni yake duka. In na rubuta manya, su tare ni a hanya. In na rubuta wasu, iyayensu su zo. Habibu kuwa ba wanda zai zo, ai namu ne."

Ina roƙon Malam ya sake karanta wannan magana. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda aka zaɓa don ya fi kowa tsawo, ba don ya fi kowa karatu ko natsuwa ba, an ɗora masa wajabcin samar da masu laifi kowace rana. Ya duba ajin ya zaɓi wanda al'ada ta halasta masa taɓawa. Lissafinsa bai yi kuskure ba, domin da na zo ɗin ma, abin da ya yi hasashe shi ya faru.

Muna alfahari da cewa jiharmu ta rungumi Shari'a. A gaban alƙali ba a hukunta babba sai an ji ta bakinsa, sai an kawo shaida, kuma mai ƙara ba ya zama alƙalin kansa. Amma a ɗakin da muke renon waɗanda za su gaji wannan tsari, yaro ɗaya ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne magatakarda, wani lokaci shi ne mai zartar da bulala. Wannan tufka da warwara ce. Darasin adalci na farko da yaro ke koya ba a littafi yake ba, a yadda ake hukunci a ajinsu yake.

Na bakwai: abin da ban faɗa maka ba a ofis.

Na san wannan tsari ne ba daga littafi kaɗai ba. A aji biyar kai da hannunka ka miƙa mini takarda da tsumagiya, kuma na yi murna ƙwarai. Akwai wani yaro a ajin, ɗan makiyaya, mai shiru, wanda yake tahowa a ƙasa daga rugarsu. Iyayensa ba su taɓa taka makarantar ba, na kuma san ba za su taka ba. Sunansa nake fara rubutawa. Kafin ƙarshen shekara ya daina zuwa, aka ce ai su dama ba sa son karatu, ni ma na yarda da haka na wuce aji shida.

Watannin baya na raka mahaifinmu kasuwar Mai'aduwa, na gan shi a kara yana riƙe da igiyar wani sa. Ya zama magidanci. Ya gane ni tun daga nesa, ya taho ya ba ni hannu da fara'a ya ce, "Monita, ashe ana ganin ku?" Babu ƙullaci a muryarsa ko kaɗan. Ya nuna mini wata takardar asibiti ta ɗansa ya ce in karanta masa. Na karanta masa. Ya fi ni saurin lissafi a aji biyar, Malam, kai ma shaida ne.

Buƙatuna.

Da farko, a karɓe takardar masu surutu da tsumagiya daga hannun kowane monita a makarantar. Aikinsa ya tsaya ga goge allo da tattara littattafai. Malami ya kira rajista da bakinsa, ya ga fuskar mai amsawa, kuma yaron da aka rasa kwana uku a jere a aika gidansu.

Na biyu, Habibu ya dawo ba tare da an yi masa bulalar gudun aji a gaban taro ba. Wanda ya gudu daga duka ba a tarbar sa da duka. Ka shiga ajin da kanka ka shaida musu cewa sunan da suka raɗa masa ya mutu daga ranar. Sabi'u ma kar a doke shi, kar a kunyata shi. A sauke masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, a zaunar da shi a nuna masa abin da ya yi, ya ba ɗan'uwansa haƙuri.

Na uku, ka kira kawu da mahaifinmu ofishinka a zama ɗaya, ka faɗa musu da bakinka cewa wannan ya wuce wasa. Daga gare ka za su ji. Ni a wurinsu yaro ne da ya karanto turanci ya dawo yana neman raba zumunci.

Na huɗu, a ware malami guda da malama guda waɗanda yara za su iya kai wa kuka a keɓe, a kuma sanar da yaran cewa kai ƙara ba tsegumi ba ne.

Na ƙarshe, tunda ƙarancin malamai ne ya haifi takardar nan, ga ni. Zan riƙe ɗaya daga cikin azuzuwa biyun nan kyauta har ranar da aka kira ni bautar ƙasa. Ba alfarma nake yi wa makarantar ba. Ka san dalilina, yana cikin magana ta bakwai.

Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan riƙo hannun Habibu mu iso bakin ƙofar makaranta kafin ƙararrawa. Ya amince zai zo, bisa sharaɗi ɗaya da shi ya gindaya ba ni ba: in leƙa ajin tukuna in ga ko takardar tana hannun Sabi'u. Idan tana nan, na yi masa alkawarin ba zan tilasta masa shiga ba. Za mu juya, kuma washegari zai hau motar Baure tare da mahaifinmu. Inna ta riga ta saya masa sabuwar tsintsiya. Yankinsa kaɗai nake so ta share.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri bisa karatun da ka ba mu, ya dafa maka wajen sauke amanar 'ya'yan mutane, ya yafe mana ni da kai abin da ya gabata.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
tsohon ɗalibinka, kuma tsohon monitan aji biyar.